Yadda ake gina ikkilisiyar da kowa yake da aikin yi a birnin Kano

A majami'u da yawa na Sabon Gari, Nomansland da Badawa, mutanen da suke tsayawa tattara kujeru bayan sujada su ne suka zo da asuba suka yi shara, su ne a kwamitin gini, su ne a cikin mawaƙa, su ne kuma ake bugo wa waya idan an yi rasuwa. Sauran jama'a su zo, su ba da baiko, su tafi sai wata Lahadi. Da yawansu za su yi aiki da murna da an taɓa kiran sunansu an nuna musu abin yi, amma sanarwar "muna neman masu taimako" daga kan bagade ba ta kiran sunan kowa. Afisawa 4:11-12 ta faɗi aikin fasto da mai koyarwa da mai bishara ƙarara: su shirya tsarkaka domin aikin hidima. A Kano wannan magana ta fi nauyi, domin akwai wuraren da fasto ba zai shiga da kwalarsa ba, amma 'yan ikkilisiyarsa suna yini a can kullum: Kantin Kwari, Kasuwar Singa, masana'antun Sharada da Challawa, azuzuwan Jami'ar Bayero, ɗakunan jinya na Asibitin Murtala.

Lissafin da ke nan an ɗora shi a kan ikkilisiya mai manya kamar 200. Wadda ta fi haka ko ta gaza sai ta daidaita.

Mataki na farko: dattawa su duba takardunsu

Kada maganar ta je gaban jama'a kafin fasto da dattawa su zauna su yarda da ita. A ware yini guda a zo da abubuwa uku: rajistar membobi, kalandar bara, da rahoton ma'aji. A rajistar, a sa alama gaban sunan duk wanda yake da aikin da ake jiran sa a kai aƙalla sau ɗaya a wata, a ƙirga su. A kalandar, a raba shirye-shirye gida biyu: waɗanda muka yi wa kanmu, da waɗanda suka taɓa mutumin da ba ya zuwa majami'a. Rahoton kuɗi ma haka. Sau da yawa za a tarar makon zumunta kaza, ƙaddamarwar gini da anko sun cinye shekara, aikin bishara kuwa Lahadi ɗaya tak ya samu.

Daga nan a rubuta manufar ikkilisiya a jimla ɗaya wadda tsohuwa da yaro za su iya maimaitawa da Hausa, a kuma sa sunan wuri a ciki: unguwar da majami'ar take, da ƙauye ɗaya ko biyu da za a ɗauki nauyinsu. Manufar da ba ta ambaci wuri ba, ba ta tilasta wa kowa komai.

Abu mai zafi shi ne yanke abin da za a daina. Ɗan kasuwar da yake rufe shago ƙarfe shida ba zai zo majami'a Talata, Laraba, Alhamis da Juma'a, sannan ya sami lokacin gaida maƙwabcinsa marar lafiya ba. Dare biyu a mako sun isa. Sauran a bar wa gida da unguwa.

Fasto zai yi wa'azi makonni huɗu zuwa shida a kan wannan, daga Fitowa 18, Romawa 12, 1 Korintiyawa 12, Ayyukan Manzanni 6 da 1 Bitrus 4:10. Amma ya dakata har a gama shirya mataki na biyu da na uku. Mutumin da ya taso da zafinsa ya ce "ga ni" aka ce masa ya jira, da wuya ya sake tasowa.

Mataki na biyu: a san kowa

A buga ɗan kati, da Hausa a gefe ɗaya da Turanci a ɗaya gefen. Tambayoyin kada su wuce takwas: suna da lambar waya, unguwa, sana'a, harsunan da yake ji, ranaku da sa'o'in da yake da sarari, aikin da ya taɓa yi a wata ikkilisiya, abin da yake jin daɗin yi, da kuma tsawon zaman da yake sa ran yi a Kano. Tambaya ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai a birnin da yake cike da sojoji da 'yan sanda masu jiran canjin wurin aiki, da ɗalibai, da 'yan bautar ƙasa masu shekara ɗaya.

A cike katin a cikin sujada, Lahadi uku a jere, minti goma kowace rana. Katin da aka ba mutum ya tafi da shi gida ba ya dawowa. A tsayar da matasa kamar goma su zauna kusa da iyayenmu mata da tsofaffi su rubuta musu, ba tare da kunyata kowa ba. Waɗanda suke aikin kwana a masana'anta da ma'aikatan jinya sai dattawa su bi su gida.

Katunan nan amana ce. Su zauna a akwati mai makulli a ofishin fasto, kada a ɗora jerin sunaye da unguwanni a zauren WhatsApp. Idan akwai mai bi wanda danginsa ba su san da bangaskiyarsa ba, sunansa ba ya shiga rajistar da kowa ke buɗewa.

Mataki na uku: a yanka aiki ƙanana

"Ka shiga kwamitin bishara" ba aiki ba ne da mutum zai iya kamawa. Kowane aiki a rubuta shi a layi huɗu: me za a yi, sa'a nawa a mako ko a wata, wa za a kai wa rahoto, yaushe wa'adin zai ƙare. Misali: ziyarar ɗakin jinya na mata, Asabar ta biyu da ta huɗu, daga ƙarfe huɗu zuwa biyar da rabi, mata biyu tare, rahoto ga shugabar Zumuntar Mata, wata shida.

Ikkilisiya mai manya 200 tana bukatar gurabe fiye da 200, kuma za a same su idan aka daina ɗaukar abin da ake yi a kan bagade kaɗai a matsayin hidima. Na cikin gida sanannu ne: karɓar baƙi a ƙofa, makarantar Lahadi, mawaƙa, kula da lasifika da janareto, ƙirga baiko, tsaro, shara, kai jibin Ubangiji ga marasa lafiya tare da fasto. Aƙalla rabin guraben su fuskanci waje: ziyarar asibiti da gidan yari bayan an nemi izinin hukumarsu, yaƙi da jahilci, koya wa yaran unguwa lissafi kafin jarrabawa, yashe kwata kafin damina, koya wa gwauraye ɗinki ko yin sabulu, raka sababbin zuwa Kano neman ɗaki da aiki, tafiya ƙauye. Mai adaidaita sahu da zai ɗauko tsofaffi uku ranar Lahadi yana hidima. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita a ba ta sunaye goma na marasa lafiya da masu bishara ta riƙa addu'a, a kuma riƙa kawo mata labarin amsar.

Doka ɗaya tana buɗe gurabe nan take: mutum ɗaya, babban aiki ɗaya da ƙarami ɗaya, shi ke nan. Dattijon da yake riƙe da kujeru biyar ya zaɓi biyu. Za a ji ƙorafi, wani ma ya ɗauka an rage masa daraja. Fasto ya same shi shi kaɗai tun kafin sanarwa, ya ce, "Baba, so muke ka koya wa yara uku abin da ka iya."

Mataki na huɗu: a haɗa mutum da aikinsa, a gwada

A raba katunan ga dattawa da shugabannin zumunta, kowa kamar mutum goma sha biyar. Zama na minti ashirin ya isa: a ji labarinsa, a nuna masa gurabe biyu ko uku, ya zaɓa. A ce masa gwaji ne na wata uku, idan bai dace ba a canza ba tare da kunya ba. Mutane suna saurin yarda idan sun san akwai ƙofar fita.

Ayyuka huɗu ba a bayar da su da wuri: koyar da Maganar Allah, riƙe kuɗi, kula da yara, da shiga gidajen mutane. Waɗannan sai mai baftisma wanda ya yi aƙalla wata shida ana ganin zamansa, ko ya zo da takarda daga ikkilisiyar da ya baro aka kuma kira can aka tabbatar. 1 Timoti 3 ta hana ɗora sabon tuba a shugabanci, ta kuma ce a gwada masu hidima tukuna. A ajin yara manya biyu ne koyaushe, ƙofa a buɗe. Namiji ba ya zuwa ziyarar matar aure ko budurwa shi kaɗai. Ikkilisiyar da ta yi sakaci a nan, abin kunya ɗaya ya isa ya rufe mata ƙofofin unguwa shekaru.

Wanda bai yi baftisma ba tukuna kada a bar shi zaune. Shara, ɗaukar kaya, tafiya tare da masu yashe kwata, duk yana iyawa yayin da yake ajin baftisma.

Mataki na biyar: koyo a bakin aiki

Taron bita na yini ɗaya da takardar shaida ba ya mai da mutum ma'aikaci. A bi yadda tela yake koyar da yaronsa: wata na farko yana kallo, na biyu yana taimakawa, na uku yana yi kana kallo kana gyara masa bayan an tashi, daga nan ka bar masa ya ɗauki nasa yaron. Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu, Bulus kuma ya gaya wa Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun da za su koya wa waɗansu. Saboda haka babu shugaban da zai kama aiki sai ya faɗi sunan mataimakinsa a cikin wata guda.

Mataki na shida: ƙungiyoyin gida

Fasto ɗaya ba zai san halin mutum 200 ba. A raba ikkilisiya bisa unguwa, mutum takwas zuwa goma sha biyu, yadda kowa zai iso da ƙafa ko da hawa ɗaya na adaidaita. Kada a raba bisa ƙabila. Idan aka bar abin ya tafi da kansa, mutanen Kudancin Kaduna za su taru gefe, na Filato gefe, Hausawa gefe, a wayi gari ƙungiyar ta zama taron 'yan gari ɗaya wanda baƙo ba ya iya shiga.

Taron kada ya wuce awa ɗaya da rabi, a kuma tashi kafin dare ya yi nisa: gaisuwa da waƙa ɗaya ko biyu, minti arba'in a kan nassin da aka yi wa'azinsa ranar Lahadi ta hanyar tambaya da amsa, sannan kowa ya faɗi mutum ɗaya da yake yi wa addu'a a wurin aikinsa ko gidan hayarsa, a yi addu'a. Ba lasifika, ba ganga. Yawancinmu gidan haya muke, bango ɗaya da maƙwabta Musulmi, kuma ya kamata a sanar da mai gida, a kauce wa ɗaga murya lokacin sallar magariba da isha'i.

Abubuwa uku suke kashe waɗannan ƙungiyoyi. Shugaba ya mai da taron wa'azinsa, sauran su yi shiru har su daina zuwa. Gasar abinci ta shigo, mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunyar karɓar taro a ɗakinsa, don haka a tsaya a kan ruwan sha kawai. Na uku rance da adashi: bashin da ba a biya ba yana watsa ƙungiya cikin wata guda. Mai bukata a kai maganarsa ga asusun taimako na ikkilisiya. Idan ƙungiya ta kai mutum goma sha biyar a raba ta, mataimaki ya ɗauki rabi.

Mataki na bakwai: shaida irin ta Kano

Nan ne ya kamata a daɗe ana koyarwa. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin bin addininsa da yaɗa shi da canza shi. Jihar Kano kuma tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, jama'arta suna riƙe da addininsu da gaske, kuma birnin bai manta da watan Oktoba na 1991 ba, lokacin da shirin babban taron wa'azin Reinhard Bonnke, ɗan ƙasar Jamus, ya jawo tarzomar da aka rasa rayuka masu yawa, taron ma bai yiwu ba. Mai son bishara ta ci gaba a nan zai riƙe waɗannan duka a zuciyarsa.

A koya wa kowane memba abubuwa kaɗan har su zauna masa. Ya iya ba da labarin abin da Yesu ya yi masa cikin minti uku da Hausa mai sauƙi. Ya haddace ayoyi kamar goma. Ya amsa tambaya da tawali'u da ladabi yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce, idan bai san amsa ba ya ce zai tambayo. Kada ya taɓa aibata Annabin Musulunci, ko Alƙur'ani, ko ibadar maƙwabcinsa, a baki ko a Facebook. Gardamar addini a majalisa ko a bakin shago ba ta kawo kowa ga Almasihu, tana iya jawo wa unguwa duka bala'i. Ya je gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa, ya yi barka da salla, kada ya ci abinci a gaban mai azumi. Mudunsa ya cika, ya biya bashi a ranar da ya yi alkawari. Ɗan kasuwar da aka sani da ha'inci ya bar maganar bishara tukuna ya gyara cinikinsa.

Taimako kuma a yi shi domin bukata, ba da sharaɗi ba. Asibitin Ido da yake hannun ɗarikar ECWA a yau yana duba duk wanda ya zo tun shekarun 1940, shi ya sa sunansa yake da daraja har wajen jihar. Idan majami'a tana da rijiyar burtsatse, a sa famfo ɗaya a waje. Kada a ba kowa kuɗi ko alkawarin aiki domin ya canza addini. Yaran da ba na Kirista ba kuwa ba a koya musu addini, ba a kuma ajiye su, ba da sanin iyayensu da yardarsu ba.

Idan baligi ya zo da kansa yana son bin Yesu, a haɗa shi da mai bi ɗaya mai hankali, namiji ga namiji, mace ga mace, su riƙa karatu tare. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, akwai kuma na saurare a waya ga wanda bai iya boko ba. Ba a tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida, ba a ɗaukar hotonsa, ba a gaggauta baftisma. Dattawa su tanadi tun da wuri abin da za a yi idan ya rasa wurin kwana ko sana'a, su kuma ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa.

Masu tsaron ƙofa ma suna cikin wannan hidima. Tun harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu 2012, babu mai ɗaukar tsaro da wasa. A sa mutum huɗu zuwa shida kowace Lahadi, maza da mata, suna karɓa-karɓa domin kada wani ya yi wata bai ji wa'azi ba, a kuma koya musu bincike da fara'a. Baƙon da aka tsawata masa a ƙofa ba ya dawowa.

Mataki na takwas: aikawa da kuɗinta

Tun kafin a kafa ECWA a 1954 masu bi 'yan ƙasa suke aika nasu masu bishara da kuɗin aljihunsu, aikin da ya zama EMS a yau, wato ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA. Kowace ɗarika tana da hanyarta, a bi ta nan maimakon a ƙirƙiro sabuwa. A zaɓi ƙaramar ikkilisiya ɗaya a ƙauyukan Maguzawa, irin na Sumaila, Tudun Wada, Rogo ko Karaye, a yi alkawarin shekara uku da ita.

A ware kashi goma cikin ɗari na dukan kuɗin shiga domin aikin bishara, a cire shi a farkon wata zuwa asusu dabam mai sa hannun mutum biyu. Idan aka jira ragowa, gini da man janareto ba za su bar komai ba. Albashin mai bishara ya riga komai fita, a rana ɗaya kowane wata, domin shi ba shi da inda zai ci bashi. Baiko mutum biyu ko uku suke ƙirgawa, waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, a karanta rahoto kowane wata uku.

Tawagar ziyara kada ta wuce mutum shida, sau ɗaya a wata uku, a kwana a can. A tambayi mai bisharar abin da ake bukata kafin a tashi: wataƙila malamin yaƙi da jahilci ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai gyaran famfo. Kuskuren da aka saba yi shi ne a cika mota da gwanjo, a yi waƙoƙin Turanci, a ɗauki hotuna, a juyo kafin la'asar, a bar mutanen ƙauye da ɗawainiyar abincin da suka dafa. A tafi da abincin tawaga, a yi komai da Hausa, kada kuma a sa ziyara a tsakiyar shuka ko girbi.

Mataki na tara: dubawa da miƙa aiki

Kowane wata uku dattawa su koma kan rajistar nan ta farko su tambaya: mutum nawa suke da aiki yanzu, nawa ne aikinsu yake fuskantar waje, wa ya ɓace, wa ya gaji. Wanda ya rasa zuwa aikinsa sau biyu a jere a ziyarce shi kafin a yi maganar maye gurbinsa, domin sau da yawa kuɗin mota ne ko rashin lafiya a gida. Kuɗin motar masu zuwa asibiti da ƙauye ya fito daga asusun bishara. Lahadi ɗaya a wata a ba mutum biyu minti uku-uku su faɗi abin da suka gani a bakin aiki, ba tare da ambaton sunan wanda suka taimaka ba.

Wa'adin shugabannin sassa shekara biyu ne, a sabunta sau ɗaya idan ya cancanta. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibi a ba shi aikin da zai ƙare cikin wata shida zuwa tara, kamar shirya yara domin jarrabawa, a haɗa shi da mazaunin gari tun ranar farko. Kowane sashe ya riƙe littafi guda mai jerin kayan aiki, lambobin waya da tsarin mako, wanda ake miƙa wa magaji a gaban dattijo. A yi wannan miƙawa a watan Nuwamba, domin daga tsakiyar Disamba majami'un Kano sukan rage sosai saboda masu tafiya gida Kirsimeti, waɗansu ma ba sa dawowa sai ƙarshen Janairu. A fitar da jadawalin waɗannan makonni shida da sunayen waɗanda suka tabbatar za su zauna a gari.